Baɗi In Allah Ya Kai Mu, Ina Za Mu Je Kallon Wasan Daɓe a Kano?

Malam Habibu, Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekara ta zo gangara, kowa yana ta lissafin abin da zai sa a gaba baɗi. Nawa burin guda ɗaya ne: ina so in zauna a kujera in kalli wasan kwaikwayo na daɓe, ɗan wasa yana gabana ina jin numfashinsa. Hausa nake koyarwa a sakandare. Muna karanta Uwar Gulma da Kulɓa na Ɓarna da yara a aji, muna fitar da jigo da zubi da tsari, su rubuta jarrabawa su ci, amma akasarinsu ba su taɓa ganin an taka wasa a kan dandamali ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin littattafan nan don a taka su aka rubuta su. To don Allah duk wanda ya san inda ake yi a garin nan, da lokacin da aka saba yi, ya faɗa mana tun yanzu mu shirya.

Nura, Kurna:
Wa alaikumus salam Malam. Ba raini ba, amma wasan daɓe a Kano ai sai dai tarihi. Tun da fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990 kasuwa ta koma ta fim. Yanzu ma fim ɗin ya bar kaset da faifai ya koma YouTube. Wa zai bar ɗakinsa, ya biya ɗan sahu, ya je ya zauna awa biyu a ɗakin taro cikin zafi, alhali ga shiri mai dogon zango a wayarsa?

Baba Ɗanlami, Fagge:
Nura ɗana, Turmin Danyan da ka kawo, ka san su wa suka yi shi? 'Yan ƙungiyar Tumbin Giwa ne, kuma kafin su taɓa kyamara 'yan daɓe ne. A lokacinmu kusan kowace unguwa tana da kulob ɗin dirama. Mu namu a ajin wata firamare muke bita bayan la'asar, kowa ya taso daga wurin sana'arsa, wannan tela, wannan makanike, wancan malamin makaranta. Ba mu da rubutaccen wasa ko shafi ɗaya. Shugaba zai ba da labari, ya ce kai ne uba, kai ne alƙali, kai ne ɗan aike, sauran magana kuma daga cikinka za ta fito. Da Sallah mu kama fili, mu kewaye da zana, mu sa mutum biyu a ƙofa suna karɓar kuɗi. Daga irin waɗannan kulob-kulob ɗin ne tashar talabijin ta CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yanzu ake kira ARTV, ta riƙa samun 'yan wasa. Kafin mu ma akwai marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, wanda tun yana malamin makaranta yake shirya wasa da ɗalibansa, kuma ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa ta yaye manya. Saboda haka fim ɗin da kake kallo ɗan daɓe ne. Uban kuwa yana nan da ransa, sanarwa ce ba ta isa kunnen mutane.

Sadiya, Ɗorayi:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka faɗi gaskiya. Ni ɗaliba ce a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero, a sabon matsuguni hanyar Gwarzo. Mu wasa a wurinmu darasi ne, da shi ake ba mu maki. Aji zai ɗauki wasa, a raba aiki, wasu su fito, wasu su yi kayan sawa, wasu su buga katako su yi fenti, wasu su riƙe fitila da sauti. Muna shafe makonni muna bita, wani lokaci har bayan isha'i. Ranar wasa kuma in ka waiwaya, 'yan kallon duk mu ne da abokanmu na wasu sassa da malamai. Mutanen gari ba sa zuwa, kuma na san ba ƙi suka yi ba, ba su ji ba ne. Malam Habibu, in kana neman abin da za ka fara da shi baɗi, ka jira ƙarshen zangon karatu. A nan ne wasannin suke taruwa, wani mako ma kusan kullum.

Malam Habibu, Gwammaja:
Madalla 'yata. Ana barin na waje ya shiga? Kuma da wane harshe kuke yi?

Sadiya, Ɗorayi:
Ana bari Malam, in dai an sanar wasan na kowa ne. In makaranta ce za ta kawo ɗalibai, gara ta rubuto wa sashe tun da wuri a tanadar musu wurin zama. Harshe kuwa, mafi yawa Turanci ne, tunda 'yan ajin daga ko'ina suke a ƙasar nan. Amma ana yin na Hausa, kuma ko a na Turancin ana sa waƙa da kiɗa da kirari na gida.

Auwalu, Kantin Kwari:
To ai nan gizo ke saƙar. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, in je in zauna ana ta Turancin Soyinka, me zan ɗauka? Ku yi mana da Hausa ku ga ko ba za mu rufe shago mu zo ba. Mu 'yan kasuwa muna son abin da zai taɓa mu, rikicin gado, bashin da ake ci a ƙi biya, yaron shago da ubangidansa.

Sadiya, Ɗorayi:
Yaya Auwalu, ina tare da kai rabi. Amma akwai wasan da ko ba ka jin kowace kalma, jikinka zai gaya maka. Attahiru na Ahmed Yerima da Turanci yake, labarin Sarkin Musulmi Attahiru ne da zuwan Turawa Sakkwato har zuwa Burmi a 1903. Mun karanta shi a aji, da aka zo wurin shawarar a yi hijira ko a tsaya a yi yaƙi, ajin tsit ya yi. In ka ji za a taka shi a ko'ina baɗi, kada ka bari ya wuce ka.

Auwalu, Kantin Kwari:
To me zai hana a fassara shi? Tarihin kakanninmu ne fa.

Malam Habibu, Gwammaja:
Babu abin da zai hana sai rashin mai ɗaukar nauyi da neman izinin marubuci. Fassarar wasa ba baƙuwarmu ba ce. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wasan Shakespeare zuwa Hausa, Daren Sha Biyu, tun farkon shekarun 1970. Kuma ko ba fassara, namu na gida sun ishe mu shekara guda cur. Wasan Marafa na Abubakar Tunau yana nan, Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi suna nan, Tabarmar Kunya tana nan. A nan Kano ma Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta Malam Zalimu. Ni da za a ba ni zaɓi, Uwar Gulma nake so in gani a daɓe kafin komai. Halin da Halima ta shiga a gidan Hayatu, da zaman gaban alƙali, yau ma ka je kowace kotun shari'a a garin nan da safe za ka tarar da irinsu a kan benci suna jiran a kira su. Mohammed Sada ya rubuta shi tun shekarun 1960, amma ko kalma ɗaya ba sai an canza ba.

Hajiya Rabi, Sharaɗa:
Ni duk wannan lissafin naku na jami'a da littafi, kun tsallake babban wasan da Kano take da shi, wanda ba tikiti ba kujera. Tashe nake nufi. Azumin baɗi zai zo da ragowar sanyi, daren zai yi daɗin fita. Daga goma ga wata yara za su fara. Ku tsaya ku kalli Tsoho da Gemu da idon basira: yaro ɗan shekara tara ya liƙa auduga a haɓa, ya sa tsohuwar rigar kakansa tana jan ƙasa, ya duƙa a kan sanda yana kakkarwa, yana tari, abokansa suna amshi. Wa ya koya masa tafiyar nan? Ba kowa, kallon tsofaffin unguwa ya yi. Ko Ga Mairama Ga Daudu, yarinya ta sa hula da babbar riga ta zama miji, ɗayar ta yi lulluɓi, suna nuna zaman aure da yadda ake rarrashi. Ko Jatau Mai Magani da jakarsa cike da saiwoyi da ɓawon itace yana jero sunan kowane da cutar da yake warkarwa. Ko malamin nan da allo da carbi da ake ce masa ya yi rawa yana musu, alhali ƙafarsa tana motsi. Akwai shiga, akwai waƙa, akwai saƙo, akwai 'yan kallo, har da ladan ɗan wasa, tunda sai an ba su hatsi ko 'yan canji. Me ya rage?

Mu da muka tashi a cikin gari, daren da Nalako sarkin gwagware zai fito kamun gwauro ba mai barci da wuri. Tun daga nesa za ka ji ganga da ƙaho, samarin da suka rabu da matansu suna ta neman inda za su ɓuya, mata suna leƙe ta kan katanga. Ni baɗi a ƙofar gidana zan shimfiɗa tabarma bayan tarawihi, in tanadi gero da alewa, duk ayarin da ya zo sai ya yi mini wasansa har ƙarshe kafin in sallame shi.

Nura, Kurna:
Hajiya, in an bari an yi ba. A 'yan shekarun nan ai 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a Kano saboda 'yan daba da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya.

Hajiya Rabi, Sharaɗa:
Haka ne Nura, kuma ban ga laifin mai tsare rayukan mutane ba. Amma abin da ke ba ni takaici, ɓata-gari suka yi laifi, yara ƙanana suka rasa wasansu. Ai da mafita. Masu unguwanni da 'yan kwamitin tsaro su ware fili ɗaya a kowace unguwa, ko harabar firamare, a kunna fitila, iyaye su zauna, yara su zo ayari-ayari su yi daga bayan tarawihi zuwa ƙarfe goma a tashi. A nemi izinin hukuma a rubuce. Wanda ya zo da makami ba shi da wurin ɓuya a cikin haske da idon iyaye. In aka bar tashe ya yi shekara goma ba a yi, yaran da za su koya wa na bayansu sun girma, shi ke nan an yanke igiyar.

Baba Ɗanlami, Fagge:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Haka muka rasa wasan Gauta, wanda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban sarkin da kansa, ya ga yadda ake ganinsa. Haka Kalankuwa ta ja baya a ƙauyuka, inda samari bayan kaka suke naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka. 'Yan kama ma yanzu sai ka yi da gaske kafin ka ga ɗaya.

Ustaz Kabiru, Tudun Yola:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko, bari in sa baki kafin a yi nisa. Ni ba na cikin masu cewa duk wasan kwaikwayo haramun ne. A Islamiyyarmu ma ranar saukar karatu yara suna yin ɗan wasa a kan illar ƙarya ko haƙƙin maƙwabci, kuma iyaye sun fi riƙe shi a kan wa'azin da muke yi musu. Damuwata uku ce: cakuɗuwar maza da mata a wurin zama, lokacin salla da ake takewa, da kuma abin da ake kira wasa alhali rawa ce kawai ta gala. In za ku ba mutane shawarar inda za su kai iyalinsu, ku bambance musu.

Sadiya, Ɗorayi:
Allah ya gafarta Malam, gala daban, wasan daɓe daban. Gala mawaƙa ne da 'yan rawa suke hawa su sauka, ba labari. Namu labari ne daga farko zuwa ƙarshe, an rubuta, an yi bita, malami ya duba. Maganar salla kuma gaskiyarka ce, wasan da aka sa ƙarfe biyar ya kan ci magariba in an makara farawa. Abin da ya fi shi ne a fara ƙarfe huɗu daidai bayan la'asar, ko a bari sai bayan isha'i.

Ustaz Kabiru, Tudun Yola:
To in haka ne ba ni da ja. A raba wurin zama, a kiyaye lokaci, ni ma zan zo da yarana. Kuma masu shiryawa a cikin gari su tuna akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001, su je su gabatar da abin da za su yi kafin su buga sanarwa, kada a tara mutane a zo a tashe su.

Maman Ilham, Hotoro:
Ni shawarata ga iyaye, kada ku raina wasan makarantun sakandare na ranar rabon kyaututtuka, wajen watan Yuli. Bana na je na makarantar 'yata. Wasa suka yi a kan yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora mata talla. Labulensu zannuwan gado ne guda biyu aka ɗaure da igiyar shanya. Ana tsakiyar wurin da uwar take ƙirga cinikin ranar tana faɗa, wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, lasifika ta mutu. Yarinyar da ta fito a uwa ko gezau, ta ɗaga murya ta ci gaba, mu kuma iyaye muka kunna fitilun wayoyinmu muka haska musu. Da 'yar tallar ta durƙusa ta ce ita dai a bar ta ta rubuta jarrabawa ko sau ɗaya, matar da ke kusa da ni ta sa gefen mayafi tana share ido. Bayan an tashi na ji ta tana tambayar shugabar makaranta yadda za ta mayar da 'yar riƙonta aji. Nura, wannan kam, waya ba ta yi maka shi.

Nura, Kurna:
Anti, na ji wannan, kuma ya taɓa ni. Amma ku dubi ɓangaren kuɗi. Ɗan wasa mutum ne mai iyali. Hayar ɗakin taro, man janareto, kujeru, kayan sawa, sannan Bakano ya zo ƙofa ya ce shi ɗan'uwan mai wasa ne a bar shi ya shiga kyauta. Shi ya sa kowa ya gudu fim. Ko marigayi Rabilu Musa Ibro da ya cika fili da mutane in ya fito, da kaset ya yi suna.

Bashir, mazaunin Legas:
Nura, bari in ba ka labarin nan inda nake. A Legas watan Disamba kakar wasan daɓe ce. Terra Kulture da ke Victoria Island suna da ɗakin wasa nasu na kansu, a nan mai wurin, Bolanle Austen-Peters, take sa manyan wasanninta masu kiɗa da rawa, mutane suna sayen tikiti tun kafin ranar, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Bankuna da kamfanoni suna ɗaukar nauyi. Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina don bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC 77, an gyara shi an sa masa sunan Wole Soyinka. Har tarihin manyanmu na Arewa ana takawa a nan da Abuja, an yi wasa a kan Sardauna, kuma 'yan kallon da yawa ba Hausawa ba ne. Duk wanda harkar kasuwa za ta kawo shi Legas ƙarshen baɗi, ya ware dare ɗaya ya shiga. Abin da nake so ya gani shi ne yadda ake fara wasa a kan lokaci, da yadda ake girmama mai sayen tikiti. Kano ba ta rasa masu kuɗi ba, ba ta rasa labari ba.

Auwalu, Kantin Kwari:
Masu kuɗin Kano in ka ce musu ƙwallo ko musabaƙa ko siyasa za su bayar. Dirama ce ba a taɓa kai musu a tsare ba. A zo mana da takarda, ga wasan, ga ranar, ga abin da za a kashe, ga inda za a rubuta sunan shagonka. Ni nan zan iya haɗa mutum biyar a layinmu.

Malam Habibu, Gwammaja:
Alhaji Auwalu, riƙe wannan alkawarin, za mu zo karɓa. Tunda kuwa ka yi maganar kasuwa, ga abin da ya daɗe a raina. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ƙarshen shekarun 1930, yake rubuta wasanni. Ɗaya daga ciki sunansa Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Kafin jam'iyyar NEPU, kafin a san shi a dandalin siyasa, da wasa ya fara faɗa wa azzalumai gaskiya. Gidansa yana nan unguwarmu, Mambayya, yanzu cibiya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero, da ɗakin taro mai sunan Sa'adu Zungur. Ya rasu 17 ga Afrilu 1983, kuma ana taron tunawa da shi da laccoci. Ni fatana baɗi, bayan an gama laccar, a ce ga ɗalibai za su taka wasa a kan abin da ya tsaya a kai, haƙƙin talaka da karatun 'ya mace. Na tabbata tsofaffin 'yan PRP na Gwammaja da Kurna da Dala za su cika wurin, su zo da jikokinsu.

Baba Ɗanlami, Fagge:
In aka yi wannan, ko da sanda sai na zo. Kuma in ana neman tsoho a wasan, ga ni.

Sadiya, Ɗorayi:
Baba, da gaske za mu so haka, domin abin da ku kuka iya na magana ba rubutu, mu a littafi muke karanta shi. Wani abu kuma da za ku sa a kalanda: 27 ga Maris ita ce Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, baɗi za ta faɗo bayan ƙaramar Sallah. Sassan wasan kwaikwayo na jami'o'i da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, NANTAP, sun saba raya ta. Sai kuma Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ita ma ba a rasa wasa da kiɗan gargajiya a tarukan da ake yi.

Wanda kuma zai iya tafiya, Zariya ba nisa. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai dandalin wasa da aka gina da ƙasa tun shekarun 1970, da zagayayyun ɗakuna irin ginin gargajiya, sama a buɗe, 'yan kallo sun kusa kewaye 'yan wasa. Zama a wurin kaɗai darasi ne. Su ne kuma suka yi suna da shiga cikin Samaru da ƙauyukan kewaye, ɗalibai su zauna da mutane su ji matsalarsu, ta ruwa ce ko ta taki ko ta asibiti, su mayar da ita wasa da Hausa, su taka a dandalin garin, a tsaya a tsakiya a tambayi jama'a yaya za a warware. Yaya Auwalu, irin wannan ne kake nema.

Auwalu, Kantin Kwari:
Shi ne kuwa. A zo a yi mana irinsa a bakin kasuwa ranar Lahadi.

Hajiya Rabi, Sharaɗa:
Kada ku manta da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu take. Nan ne gidan Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a 1909. 'Yan Koroso na jiha a ƙarƙashin hukumar suke. Wanda bai taɓa ganin Koroso da idonsa ba, sarewa tana tashi, kacau-kacau a ƙafa, samari suna lanƙwasa jiki suna ɗaukar juna, bai san abin da yake wuce shi ba. Su ne suke wakiltar Kano a bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, da ake yi kowace shekara a wata jiha, kuma akwai gasar wasan kwaikwayo a ciki. Ni abin da nake roƙo, wasan da za su kai wata jiha su fara nuna mana shi a gida, ko bitar ƙarshe ce a buɗe ƙofa mu shiga.

Nura, Kurna:
To ni dai har yanzu ina ganin ba za a koma zamanin su Samanja da Kasimu Yero ba, Allah ya jiƙansu. Lokacin tasha ɗaya ce ko biyu, gari duka abu ɗaya yake kallo. Amma zan zo na jami'ar in gani da idona. In ya yi, ni da kyamarata zan ɗauki tallan na gaba kyauta in watsa a TikTok da Facebook, tunda kun ce sanarwa ce matsalar.

Baba Ɗanlami, Fagge:
Amin. Talla ka ɗauka ɗana, amma ranar wasa ka ajiye kyamarar a jaka ka kalla da ido. Ɗan wasa yana jin ɗakin. In kuka yi dariya zai ƙara, in kuka yi shiru zai rage murya ya ja ku. Wasan da aka yi daren Juma'a ba shi ne za a yi daren Asabar ba, ko da mutanen nan ne, labarin nan ne. Su Samanja da ka ambata, abin da ya sa suka zauna daram a gaban kyamara, sun saba da idon jama'a ne tun kafin nan.

Maman Ilham, Hotoro:
Ina da roƙo ga masu shiryawa, ku tuna da mu mata masu yara. Wasan dare ba namu ba ne, ɗan sahu yana wuya bayan ƙarfe goma, kuma maigida ba zai bari ba. A riƙa yin sau biyu, na yamma don iyali, na dare don samari. Kuma a rubuta a sanarwa ko wasan ya dace da yara. Kulɓa na Ɓarna misali, ina so 'yata mai shekara sha biyar ta ga yadda irin su Alhaji Ruwan Ido suke yaudarar 'yan makaranta, amma ba zan kai ƙanwarta 'yar shekara shida ba.

Ustaz Kabiru, Tudun Yola:
Wannan magana ce mai kyau. Na ƙara da cewa a sa farashi mai sauƙi ga ɗalibai, amma kowa ya biya. Haƙƙin wanda ya yi wata biyu yana bita ne, cin sa ba daidai ba ne.

Malam Habibu, Gwammaja:
Na gode ƙwarai jama'a. Ni ga abin da zan yi daga ɓangarena. Gobe zan sami shugaban makarantarmu a kan mu kai 'yan aji biyar da shida jami'a ƙarshen zango, in an samu mota. Sannan kulob ɗin Hausa na makarantar za mu fara bitar Uwar Gulma da an dawo hutu, mu nuna wa iyaye kafin jarrabawar fita. Baba Ɗanlami, in lafiya ta bari, muna so ka riƙa leƙo mu ranar Alhamis bayan an tashi ka gyara wa yaran tsayuwa da murya. Sadiya, ke ce idonmu a jami'a.

Sadiya, Ɗorayi:
In sha Allahu Malam. Da an liƙa jadawali zan ɗauki hotonsa in saka a nan, in nuna waɗanda na Hausa ne. Zan kuma tambayi 'yan ajinmu ko mutum biyu za su zo su taya ku haɗa labule da fitila.

Baba Ɗanlami, Fagge:
Alhamis ta yi mini. Ka tanadi yaro mai murya wanda zai fito a alƙali, shi ne ya fi wuyar samu. Sauran a bar ni da su.

Auwalu, Kantin Kwari:
Malam, yadin labule da na kayan sawa a kaina. Turo mini yawan 'yan wasan, maza nawa mata nawa, da faɗin dandamalin, in sa a yanka kafin kaya su ƙara tsada.

Hajiya Rabi, Sharaɗa:
Ni kuma zan yi wa mai unguwarmu maganar filin tashe tun kafin Sha'aban. Maman Ilham, in na samu amincewa zan kira ki, ki zo da yaran Hotoro mu haɗa ayari biyu. Akwai wanda ya san inda ake sayar da ƙananan ganguna na yara a Kurmi yanzu? Namu duk fatar ta yage.